Wanda Ya Soya Shi Ne Mai Laifi

Wata ta rubuto a ƙarƙashin abin da na sa makon jiya, ta ce mai shekara arba'in da tara ba shi da hurumin soyayya, ya je ya riƙe carbi. Na gani, baiwar Allah. Carbin ina da shi, kuma bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba.

Wanda yau ya fara shigowa, ga maganar a gajarce. Ni mai walda ne. Matata ta rasu shekara uku ke nan, ta bar mini 'ya'ya biyu. Babban ya yi aure, yana can da iyalinsa. Sai Auta, shekararta ashirin da ɗaya, tana aiki a kantin magani, ni da ita ne a gidan. Wata bakwai da suka wuce na je gyara wa wata tela ƙofar shago. Ƙofar ta gyaru cikin awa ɗaya, ni ne na yi ta komawa duba sakata. Ita ma mijinta ya rasu, kuma ba yarinya ba ce, ta san abin da take yi. Na ɓoye wa Auta, har a waya na sa wa matar suna Mai Ƙofa.

To ni aji huɗu na bar makaranta, ga tartsatsin walda ya cinye mini ido. Gilashin da nake wannan rubutun da shi ma bayan abin ya faru na saya. A lokacin duk saƙon da ya shigo a rubuce Auta ke karanta mini. Na gaya wa Tela ta riƙa turo murya. Ranar da ta manta, Auta ce ta karanta da bakinta: "Ka ci abinci kuwa? Kada ka wuni a kan shayi." Ta ajiye wayar a hankali ta ce, "Baba, ƙofar nan tana da kirki." Daga ranar sai gaisuwa kawai tsakaninmu, kwana goma sha ɗaya. Ita kuwa Tela ta gindaya mini sharaɗi: ba za ta shiga gidan da 'yar gida ba ta yi mata maraba ba. Muka tsayar za ta zo ranar Asabar da ƙarfe biyu su ga juna. In ta yiwu ta yiwu, in ba ta yiwu ba kowa ya kama gabansa.

Yanzu sai na gaya muku wani abu game da gidanmu, in ba haka ba sauran labarin shirme za ku ɗauke shi.

A gidanmu ba a cewa "yi haƙuri". Daga ni abin ya samo asali, ba na musu. Bakina bai iya ba. In na buɗe shi da niyyar faɗa, sai in ji wata maganar ce ta fito, kamar "an kawo wuta?" Marigayiya ta gane haka tun shekarar farko. Wata rana muka yi faɗa, ita ce ba ta da gaskiya. Sai ta shiga kicin ta soya niƙaƙƙen nama, ta cusa a burodi, ta ajiye a gabana. Na ci. Magana ta mutu. Tun daga nan abin ya zama doka: wanda ya soya shi ne mai laifi, wanda ya ci ya yafe. In ka ture faranti, da sauran magana. A kan haka yaran suka tashi. Babban ya soya ranar da ya fasa gilashin motar maƙwabci. Auta ta soya ranar da ta faɗi jarrabawa ta ɓoye takardar a ƙarƙashin katifa. Abinci ne na minti goma sha biyar, amma ya kashe rigimar da da ta kai mu gaban manya.

Ku tambaye ni sau nawa na soya a shekara ashirin da biyu. Ko sau ɗaya. Ba don ban yi laifi ba. In ni ne mai laifin sai in sayo naman in ajiye a kicin in fice, ita ta soya, ita ta ci, a ce an gama. Sai da aka binne ta na gane ita ke ba ni haƙuri, ita ke ba kanta.

Kaskon da take suyar da shi baƙi ne, mai nauyi. Mariƙinsa ya taɓa karyewa, ni na liƙe shi da hannuna, har yau ana ganin ɗinkin waldar. Tun da ta rasu yana rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin. Auta tana goge masa ƙura duk Juma'a, amma ba wanda ya sauke shi.

Ga dabarar da na ƙulla. Ranar Asabar Auta tana tashi aiki ɗaya da rabi. Zan soya da kaina, karo na farko a rayuwata, in ajiye mata. In ta ci, Tela ta iso da ƙarfe biyu ta tarar da gida lafiya. Haka ake haɗa ƙarfe: ka kankare tsatsa tukuna, sannan ka sa wuta. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Tun ranar Laraba Tela ta daina ɗaukar wayata. Na kira sau tara. Sai ranar Juma'a ta turo murya ta daƙiƙa huɗu: "Zan zo gobe kamar yadda muka yi." Ba gaisuwa, ba tsokanar da ta saba. Na saurara sau shida ko zan ji abin da ke ƙasan maganar, ban ji ba.

Asabar da hantsi na rufe wurin aiki na biya wajen mahauci na ce ya niƙa mini kilo ɗaya.

Ya ce, "Maigida, yau kai da kanka? Ko amarya ce ta ce sai ta ga hannunka?"

Na ce, "Niƙa nama ka bar niƙa magana."

Na sayi burodi dogaye uku, masu laushi, da tumatirin gwangwani. Albasa ban saya ba. Ba na cin albasa, duk wanda ya san ni ya san haka, kuma ban taɓa ganinta a na marigayiya ba.

Da na sauke kaskon daga ƙusa sai da na ɗan tsaya. Inda yake rataye fentin ya fi sauran bangon haske, da'ira guda, kamar ido yana kallona. Na raba naman biyu, rabi na sa a firij don in an samu matsala. Na kunna gas na ƙure shi, don ni a sanina wuta in ba ta yi ƙarfi ba aiki ba ya kamawa. Na kwarara mai. Na jefa naman dunƙule guda. Ya yi ƙara, mai ya fantsamo mini a hannu, ban damu ba, wanda ya saba da tartsatsi mai ba ya ba shi tsoro. Na zuba tumatir a kai. Na duba agogo, ɗaya da minti biyar. Na duba jikina, rigar aiki ce duk huji. Na ce bari in sauya kafin ya nuna.

A ɗaki na ɓata lokaci. Na sa farar riga, na ga ta yi kama da ta zuwa ɗaurin aure, na cire. Na sa ruwan toka wadda Tela ta ɗinka mini, na tuna Auta za ta gane ɗinkin, na cire. Ina tsaye da singileti ina neman ta uku na ji ƙauri. A daidai lokacin kuma aka yi sallama a ƙofar gida.

Ita ce. Ɗaya da kwata.

Ta sa doguwar riga ruwan kunkumadi mai ƙananan furanni a wuya, da mayafi baƙi, ba kwalli, ba jan baki. A hannunta akwai leda, kuma ta bakin ledar na hango kan fitilar cajin da na saya mata don ɗinki in an ɗauke wuta. Ban yi karatu ba, amma wannan na iya karanta shi. Mace ba ta zuwa cin abinci da kayan da ka ba ta a leda.

Na ce, "Kin yi sauri."

Ta ce, "Da gangan. Ina so in gan ka kai kaɗai kafin yarinyar ta dawo." Sai ta ɗaga hanci. "Me ke ƙonewa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ajiye ledar a kan teburin falo ta bi hayaƙin. Kafin in zura riga in iso ta rage wutar, ta tura taga, ta ɗauki cokalin katako tana kankare gindin kaskon. Naman waje baƙi, ciki ja, ya dunƙule kamar tubali.

"Wannan suya ce ko walda?"

Ya kamata a nan in ce ta ajiye. Kalma ɗaya ce. Amma na ga hannunta na hagu a kan mariƙin, daidai kan ɗinkin da na yi, inda hannun waccan yake zama, sai bakina ya mutu. Masu karatu, ku zage ni a nan, na yarda.

Ban ji buɗe ƙofa ba. Ƙarar makullai na ji sun faɗi a kan tebur. Auta tana tsaye a bakin kicin da farar rigar aikinta a kafaɗa da jaka a hannu. An sallame su da wuri. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli matar ba. Ƙusar ta kalla, sannan kaskon.

"Wa ya sauke shi?"

Na ce, "Ni."

"Wa ke soyawa?"

Tela ta juyo da cokali a hannu ta ce, "Sannu da dawowa. Na tarar yana ƙonewa ne, shi ne na..."

"Ba da ke nake ba, baiwar Allah."

Na ce, "Auta, ki iya bakinki."

Ta ce, "A wurin wa zan koya?"

Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye jakar a ƙasa ta ce, "Shekara ashirin da biyu Umma na soya maka laifinka. Ka sayo nama ka ajiye ka fice. Na ɗauka da ta tafi abin ya tafi da ita. Ashe wadda za ta ci gaba ka je ka nemo."

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, ni na fara, riga kawai na je sauyawa. Sai na dubi abin da idonta ke gani: ni a tsaye hannu a aljihu, mace a gaban wuta. Ko alƙali ne abin da zai gani ke nan.

Tela ta ce, "Wane laifi ake soyawa? Ku fahimtar da ni."

Auta ta gaya mata dokar, a gajarce, da irin muryar da take gaya wa mutane yadda za su sha magani. Tela ta saurara har ƙarshe. Ta kashe gas ɗin, ta ajiye cokalin a gefe, ta goge hannu da tsumma yatsa bayan yatsa.

"Ban sani ba. Da na sani da na bar shi ya ƙone har kaskon." Ta dube ni. "Kuma ni ma ba abinci ya kawo ni ba. Mu koma falo."

Muka koma. Ba wanda ya zauna. Ta ciro waya daga jaka, ta nemo abin da take nema, ta karanta a fili:

"Ki yi haƙuri. Na yi tunani na ga gidana bai shirya karɓar wata mace ba. Kada ki zo ranar Asabar, kuma kada ki sake kirana."

Na ce, "Wa ya turo miki wannan?"

Ta juyo mini da fuskar wayar. "Lambarka ce. Laraba, bakwai da minti goma na safe."

Bakwai da minti goma ina banɗaki kullum, wayata tana caji a nan falon, a kan wannan teburin. Mutum biyu ne a gidan. Ban juya ba, amma ina jin numfashin Auta a bayana ya tsaya.

Ku da kuke karatu a kwance kuna cewa ai sai ya faɗi gaskiya, ku zo ku tsaya inda na tsaya. In na ce ba ni ba ne, na tsayar da 'yata a gaban baƙuwa na ce ga mai sata a wayar ubanta, kuma ba za su taɓa zama inuwa ɗaya ba. In na ce ni ne, matar nan ta tafi. Ni ba mai ƙarya ba ne, a wurin aiki ma in ƙarfe ba shi da kyau ina gaya wa mai shi ko zai fasa aikin. Amma yarinyar nan ni na ɗauke ta a kafaɗa da ta suma ranar da aka fita da gawar uwarta.

Na ce, "Wayata ce. Abin da ya fito daga cikinta ni ne."

Tela ta daɗe tana kallona. "Kai ka rubuta?"

"Na gaya miki."

"To." Ta tura ledar zuwa gabana da yatsa biyu. "Ga fitilarka. Na gode da hasken da na sha."

Ta gyara mayafi. Ta ɗauki jaka. Ta nufi ƙofa.

"Ki dakata."

Auta ce. Ta shige kicin. Daga inda muke ana ganin rabin kicin ɗin ta ƙofa. Ta juye baƙin namana a faranti ta ture shi gefe. Ta wanke kaskon, ta goge shi ya bushe. Sai ta buɗe firij ta ciro rabin da na ajiye.

Na san abin da nake gani. Tela ma yanzu ta sani. Ta mayar da jakarta kan kujera a hankali, ta zauna a bakin kujerar.

Auta ta kunna wuta kaɗan, rabin tawa. Ba ta zuba mai ba ko ɗigo. Ta sa naman a busasshen kasko tana farfasa shi da bayan cokali, tana dannawa tana bazawa, har ya warware ya fara fitar da kitsensa da kansa. Sai ta jawo kwandon da ke ƙarƙashin tebur ta ɗauko albasa biyu manya.

Na ce, "Ba a sa albasa."

Ba ta juyo ba. Ta ɓare su ta fara gogawa a magogi, suna zuba kamar ruwa. "Biyu Umma ke sawa. Gogawa take yi don kada ka gani. Shekara ashirin da biyu kana ci kana neman ƙari."

Tela ta sa bakin mayafi ta rufe bakinta. Ban sani ba ko dariya ce, ban tambaya ba.

Albasar ta narke a cikin naman ta ɓace. Ta daka tafarnuwa ƙwaya biyu da gindin kofi ta jefa, ta sa gishiri da barkono, ta zuba tumatir cokali uku, ba gwangwani guda irin nawa ba. Ta ɗebo sukari da yatsu ta barbaɗa. Ta ƙara ruwa rabin kofi ta rufe. Ƙamshin ya fito falo ya same ni inda nake tsaye. Shekara uku ban ji shi ba. Na kama bayan kujera na riƙe, na yi kamar ina duba ko ƙafarta na rawa.

Minti biyar ta bar shi yana tafasa a ƙarƙashin murfi. Da ta buɗe, ruwan ya tsotse, naman ya kama jikinsa. Ta ture shi gefe guda, ta tsaga burodi ta kifa shi a cikin kitsen da ya rage, ta danna da tafin hannu har ya yi ja. Ta cika shi, ta rufe, ta yanka biyu a karkace yadda uwarta ke yi. Idonta yana zubar da ruwa. Albasa biyu ce, kowa zai iya cewa ita ce.

Ta fito da faranti ɗaya. Ta wuce ni. Ta durƙusa ta ajiye a gaban Tela.

"Ni na rubuta. Na tura, na goge a wayarsa. Bai sani ba sai yanzu."

Tela ta ce, "Na sani."

Auta ta ɗago.

"Tun kalmomin farko na sani. Wata bakwai nake tare da ubanki. Ya taka mini ƙafa da takalmin aiki, ya ce me ƙafata ke yi a nan. Ya manta da ni a bakin asibiti awa biyu, da ya zo ya ce rana ta yi zafi yau. Mutumin nan ya rubuta 'ki yi haƙuri'? Ko an ɗora masa wuƙa." Ta ɗan sunkuyo. "Na zo ne in ji ko zai tsaya a kan gaskiya, kuma in ga mai rubutun. Me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba."

"To me ya sa?"

Auta ta dubi farantin. "A waya na tsinci labarin gidanmu, kamar saƙon masu talla. Ba wanda ya zaunar da ni." "Kuma ina jin shi ta taga in yana saurarar muryarki, yana dariya shi kaɗai. Ban taɓa jin ya yi wa Umma irin wannan dariyar ba."

Wannan ta shige ni har ƙashi.

Tela ta kama hannunta ta tashe ta daga durƙuson ta zaunar da ita kusa da ita. "Wannan ba ni zan amsa miki ba. Amma ki sani, ni ban zo ɗaukar kaskon kowa ba. Ina da nawa a gida, har biyu." Sai ta juyo gare ni, fuskar ta sauya. "Ita ta faɗa da hannu, ta faɗa da baki. Saura kai."

Na ce, "Ni me na yi?"

"Wata bakwai ka ɓoye ni kamar kayan sata. Ka sa mini sunan ƙofa. Ka bar yarinya ta ji a waya. Yanzun nan kuma ka dubi tsabar idona ka yi mini ƙarya. Na san dalilinka, dalilin ma ya burge ni, amma ƙarya ce. Ni ba a gidan nan na tashi ba, Baban Auta. Ba na jin yaren kasko. Da baki ake gaya mini."

Su biyu suka zuba mini ido. Na ji kalmomin sun taso, wallahi sun taso har maƙogwaro. Na buɗe baki.

Na ce, "Burodin zai huce."

Auta ta rufe ido. Tela ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba ta canjin da ta zata. Ta ce wa Auta ta ba ta takarda. Ta naɗe yankan burodin duka biyun, ba ta gutsura ba, ta sa a jaka, ta miƙe. Ta yi wa Auta sallama, ni ba ta yi mini ba.

Na bi ta. Tsakanin falo da ƙofar gida taku goma sha biyu ne, ni na auna na kafa ƙyauren. Ta zare sakata. Ta sa ƙafa ɗaya a waje. Wani mai tura kura yana wucewa, ga maƙwabciyarmu tana shanya a kan igiya, kunnenta kamar na zomo.

Na ce, "Ki yi haƙuri."

Abin ya fito da ƙara kamar tsohon ƙyauren da ya shekara goma ba mai. Har mai kurar ya waiwayo. Tela ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Da me?"

Ashe ba a gamawa da kalma uku. Na ce, "Da ɓoye ki. Da sunan. Da ƙaryar."

Ta ce, "Na ji." Ta tafi. Ban san ko "na ji" na yafewa ba ne ko na kunne kawai.

Da na koma ciki ban ga Auta a falo ba. Tana kicin a zaune a kan ƙaramar kujera, da farantin baƙin namana a cinya. Ta kankare inda ya fi ƙonewa, ta mayar da sauran kan wuta ya ƙarasa nuna, ta cusa a gutsuren burodi. Tana taunawa tana yamutsa fuska.

"Babu gishiri. Ga mai kamar za a yi wanka. Ga ɗaci."

Na ce, "To ki bari mana."

"Ban ce zan bari ba."

Ta cinye tas, har ta bi farantin da ɓawon burodi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙusar da ke bango, don in na kalle ta za a samu matsala. Burodi na uku muka raba da ragowar naman da ta soya. Na ci ina neman albasar da harshe, ban same ta ba.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara a kan tebur, kusa da ledar fitila. Na ɗauka da sauri na kai kunne. Shiru. Na duba: ba murya ba ce, rubutu ne, layi uku. Matar da na roƙa sau goma ta daina rubutu, kuma ta san sarai wa ke karanta mini.

Na juya wayar a hannu. Na kai ta kusa da hanci, baƙaƙen suka yi ta iyo. Sai na miƙa wa Auta.

Ta goge hannu ta karɓa. Ta karanta a zuci tukuna, na ga gefen bakinta ya motsa.

"Me ta ce?"

"Ta ce sukari ya ɗan yi yawa."

"Ta ci ke nan?"

"In ba ta ci ba ina ta sani, Baba?"

Na zauna. "Sai me?"

"Ta ce a mayar mata da fitilarta gobe, tana da ɗinki. Kuma ni zan kai, ni kaɗai. Ta ce akwai maganar da za mu yi wadda ba ta mai walda ba ce."

"Wace magana?"

"Ba ta rubuta ba."

"Za ki je?"

Ta ajiye wayar, ta koma kicin ta wanke kaskon, ta goge shi ciki da waje. Na miƙa hannu in karɓa in mayar da shi ƙusa, sai ta janye, ta ɗora shi a kan murhu.

Ta ce, "Bar shi nan. Yadda na ga bakinka, za a sake buƙatarsa kafin wata Asabar."